Tambaya: mutum zai iya zama a kan hanya, yana kwana a tanti, yana aikinsa ta intanet a arewacin Najeriya?

Ɗan Ƙofar Sauri, Katsina:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana da ke wannan zaure. Ina neman shawara a kan wani al'amari da na daɗe ina juya shi a raina. Sana'ata ita ce zane da tsara shafukan intanet, kuma kamfanin da nake yi wa aiki yana Legas, bai taɓa neman in je ofis ba. Abin da yake so kawai shi ne a same ni daga ƙarfe tara na safe zuwa biyar na yamma, in halarci taron bidiyo idan an kira, in kuma miƙa aiki a kan lokaci.

Tun da aikin bai ɗaure ni a wuri ɗaya ba, sai nake tunanin in cire kujerun baya na motata ƙirar Sienna, in shimfiɗa katifa, in ɗauki tanti da tukunyar gas da kwamfuta, in yi ranin bana ina zagaya ƙasar Hausa da maƙwabtanta, ina aiki da rana, ina kwana inda dare ya yi mini. Na san a Amurka da Turai akwai masu irin wannan rayuwa shekara da shekaru, amma ban taɓa jin wanda ya gwada ta a nan ba. Ba ni da iyali tukuna, kuma akwai ƙannena a gaban mahaifana. Abubuwan da suka shige mini duhu su ne yadda zan sami wutar da za ta riƙe kwamfuta yini guda, yadda zan yi da sabis, inda ya dace in kafa tanti, da kuma hukuncin sallata, tun da kullum ina kan tafiya. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Injiniya Mai Sola, Daura:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zan yi magana a kan wuta da sabis, domin su ne ɓangarena, kuma zan fara da cewa wuta ita ce mafi sauƙi a cikin matsalolin da ka lissafa, matuƙar ka yi lissafi kafin ka shiga kasuwa. Lissafin kuwa shi ne ka ninka ƙarfin kowace na'ura da awannin da za ta yi tana aiki. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai cin wat 60, idan ta yi awa takwas, ta ci wat-awa 480. Ƙaramar fanka mai wat 20 da za ta kwana tana juyawa awa takwas za ta ci 160. Idan ka haɗa da cajin waya da fitila da ƙaramar na'urar rarraba intanet, to kana buƙatar abin da ya haura 700 a kowace rana. Batirin litiyam mai amfiya 100 a kan bolt 12.8 yana ɗaukar wat-awa 1,280, wato zai riƙe ka yini da kwana har da ragi. Kada arha ta ruɗe ka ka sayi batirin ruwa irin na mota, domin shi rabin abin da ke cikinsa kawai ake iya sha ba tare da an kashe shi ba, ga kuma nauyi.

Farantin sola mai wat 200 a ƙasarmu yana iya ba ka wajen wat-awa 750 a rana mai haske, idan aka cire asarar da ake yi a waya da zafi. Sai dai ka tuna cewa lokacin da ka zaɓa lokacin hazo ne. Ƙurar hunturu tana rage hasken tun daga sama, sannan ta kwanta a kan farantin, don haka tsumma mai laushi da ɗan ruwa kowace safiya ba abin rainawa ba ne. Ni da zan ba ka shawara, ka yi faranti biyu, ɗaya a ɗaure a kan mota, ɗaya mai naɗewa da doguwar waya, domin ka ajiye motar a inuwar darbejiya ka fitar da shi rana. Wannan batu na inuwa ya fi duk sauran muhimmanci. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina da Daura da Haɗeja yana haura maki 40, kuma motar da aka rufe a rana a irin wannan lokaci tanderu ce. Kwamfuta za ta rage gudu don ta kare kanta, batiri zai riƙa lalacewa a hankali, kai kanka ba za ka iya tunani ba. A ganina wannan tafiya ta Nuwamba zuwa Fabrairu ce, da zarar bazara ta shigo kuwa sai dai ka hau tudun Jos ko Mambila, ko ka koma gida.

Game da sabis, kada ka dogara da layi ɗaya. Ka riƙe aƙalla MTN da Airtel, domin sau da yawa inda ɗaya ya gaza ɗayan yana nan. A kan manyan hanyoyi da hedikwatun ƙananan hukumomi za ka sami abin da zai ishe ka aika aiki, amma da ka ratse kaɗan zuwa ƙauye sai ya koma sai kiran murya, taron bidiyo kuwa ba ya haƙuri da sabis mai zuwa yana ɗaukewa. A kusa da iyaka, kamar Kongolam ko Jibiya, wayarka kan iya kama layin Nijar ba ka sani ba. Ka kuma saka kuɗin data a lissafinka, tun da a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari.

Abin da zai raba ka da wannan fargaba shi ne Starlink, wato intanet ta tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, kuma ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta same shi. Ƙaramin samfurinsa da ake kira Mini yana cin wat 25 zuwa 40, yana shiga jakar goyo, kuma abin da yake buƙata shi ne sarari ba bishiya a kansa. Sai dai ka tabbatar tsarin da ka biya na masu yawo ne, ba na gida mai adireshi ɗaya ba, sannan ka ƙara wajen 300 a kan lissafin wutar da muka yi a sama.

Baba Tsohon Direba, Daura:

Ɗana, jikana ne ya karanta mini tambayarka, shi ne kuma yake rubuta wannan amsa da bakina. Na tuƙa babbar mota tun ina da baƙin gashi har ya yi fari, na kwana a kan hanya fiye da yadda na kwana a ɗakina, don haka ka saurare ni. Injiniya ya yi maka bayanin wuta da kyau, amma wuta ba ita ce za ta dawo da kai gida lafiya ba. Abin da zan gaya maka shi ne, a ƙasar nan matafiyi ba ya kwana a daji shi kaɗai, a cikin mutane yake kwana, kuma da sanin masu gari.

Jikana ya bayyana mini cewa waɗanda kake gani a Amurka suna da filayen gwamnatin tarayya masu faɗin gaske a yammacin ƙasar, inda doka ta yarda mutum ya kafa tanti kyauta har kwana 14 a wuri ɗaya, sannan ya matsa gaba. Mu a nan ba mu da irin wannan tsari. Duk filin da ka gani babu kowa, to gonar wani ce da aka girbe, ko burtalin shanu, ko gandun daji na gwamnati, gandun dajin kuwa ka san su wa suka mamaye da yawa daga cikinsa a shekarun nan. Kai ɗan Katsina ne, ba sai na gaya maka halin da Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari suka shiga ba saboda dajin Rugu da maƙwabtaka da Zamfara. Ka tuna ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a Disamban 2020, ka tuna kuma a Satumban 2021 an rufe sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda tsaro. Da kana can da kwamfutarka a lokacin, da aikin ya tsaya cak. Saboda haka yamma da kudu maso yammacin jihar nan ka cire su daga taswirarka gaba ɗaya.

Haɗari na biyu shi ne wanda matasa ba sa hangowa, wato zargi. Ka ɗauka mutanen ƙauye sun wayi gari sun ga baƙuwar mota a bayan gari, da faranti a kanta, da wani farin akwati yana kallon sama, da saurayi a ciki yana danne-danne yana magana da Turanci shi kaɗai. Wallahi ba za su ce ma'aikaci ba ne, za su ce mai kai wa ɓarayin daji rahoto ne, kuma kafin ka gama bayani 'yan sintiri sun kewaye ka. Mutanen da aka sha kai wa hari ba su da haƙurin sauraron dogon bayani, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025, inda aka kashe matafiya 16 'yan arewa a kan zargi, ya isa ya nuna maka abin da zargi yake iya jawo wa baƙo. A nan ne na saɓa wa Injiniya a kan na'urar tasa ta tauraron ɗan'adam: tana da amfani, amma kada ka fitar da ita sai a cikin katanga, a gidan da aka san ka.

Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro sun fi ka daɗewa a hanya, amma ba su taɓa tafiya ɗai-ɗai ba. Ayari suke yi, da madugu a gaba, suna sauka a zangon da aka sani, kuma a kowane babban gari suna da fatoma, mai masaukin da zai tsaya musu idan magana ta taso. Mu ma direbobi haka muka gada. Idan la'asar ta yi, ka riga ka san garin da za ka kwana. Ba a neman masauki bayan magariba. Da ka shiga gari ka yi salla a masallacin da ke kusa da ƙofar fada, ka gaisa da liman, ka nemi a kai ka wurin mai unguwa ko dagaci. Ka faɗi sunanka da na mahaifinka da unguwarku a Katsina, ka nuna katin shaidarka, ka ce kwana kaza kake so ka yi. Sau da yawa shi da kansa zai nuna maka harabar makarantar firamare ko ta ɗakin shan magani ko zauren gidansa, ya kuma gaya wa 'yan sintiri cewa baƙonsa ne kai. A nan sai ka kafa tantinka ka yi barci da ido biyu a rufe. Idan babban gari ne, ka nemi gidan mai da ke da mai gadi inda manyan motoci suke kwana, ka sallami mai gadin da ɗan abin shan shayi, ka kuma zauna teburin mai shayi na ɗan lokaci, domin a nan ake jin wace hanya ce ta yi kyau yau, wace ce kuma aka tare jiya. Labarin hanya na safiya ba lallai ya kai yamma ba, don haka kullum a sake tambaya.

Ta fuskar hanya, gabas za ka nufa. Daga Katsina ka zo Daura, ka ga rijiyar Kusugu idan ba ka taɓa gani ba, ka bi Kazaure ko ta Babura zuwa Gumel da Haɗeja. A can akwai fadamun Baturiya, inda tsuntsaye suke tahowa daga Turai a lokacin sanyi. Daga nan Dutse, sai Birnin Kudu mai tsofaffin zane-zane a jikin duwatsu, sai Bauchi. A Yankari akwai masauki da ma'aikata da ruwan Wikki mai ɗumi, sai dai ka rufe motarka da kyau, domin birran wurin sun ƙware wajen sace abinci. Takardun mota su zama cikakku, da lasin da inshora da takardar kwastan, idan gilashin mai duhu ne kuma da izinin 'yan sanda, domin mota mai katifa da batura a ciki tana jan ido a kowane shinge. Kada ka ɗauki fetur a jarka a kusa da iyaka, za a ɗauke ka ɗan fasa-ƙwauri. Ka riƙe ƙarin taya mai kyau da jak da fanbel, kuma ka duba ruwan lagireto kowace safiya kafin ka tayar.

Malama Ma'aikaciyar Jinya, Katsina:

Ƙanena, maganar Baba ta isa a kan tsaro, ni kuma zan ƙara da abin da muke gani a asibiti. Kada ka kunna gawayi ko janareta ko tukunyar gas a cikin rufaffiyar mota ko tanti don jin ɗumi a daren hunturu. Suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum yana barci take tafiya da shi. Ka kwana a gidan sauro ko da rani ne, musamman a fadamun Haɗeja inda ruwa ba ya ƙarewa. Ruwan sha kuwa ko na leda daga wurin da ka yarda da shi, ko ka tafasa. Ka yi allurar rigakafin sanƙarau kafin ka tashi, tun da lokacin zafi da ƙura ne yake yaɗuwa a yankinmu. Ka riƙa zazzage takalminka da safe saboda kunama, kada kuma ka fita da dare babu fitila, domin kububuwa tana da yawa a Bauchi da Gwambe. Idan Allah ya ƙaddara sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da ƙarfi, a garzaya asibiti. Akwai asibitin da ya keɓanta da saran maciji a Kaltungo.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba. Ka ce akwai ƙannenka a gaban mahaifanka, amma ba ka ce sun amince ba. Uwar da ɗanta yake kwana a wurin da ba ta sani ba, ita ma ba ta barci. Ka nemi yardarsu tukuna, sannan kullum da yamma ka aika wa mutum ɗaya a gida sunan garin da ka sauka da sunan mai masaukinka.

Malam Na Tsohuwar Kasuwa, Katsina:

Amsar tambayarka ta huɗu a mazhabar Malikiyya ita ce, ana yin kasaru ne a tafiyar da ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80 ko ɗan sama da haka, kuma ana farawa bayan an fita daga gine-ginen gari. Katsina zuwa Daura tana kan gaɓar wannan ma'auni, Katsina zuwa Kano kuwa ta wuce shi nesa. Idan ka isa gari da niyyar zaman cikakkun kwanaki huɗu, hukuncin tafiya ya yanke, za ka cika salla kamar ɗan gari. Abin da ya fi shafar ka shi ne, malamanmu sun ce wanda ya fita ba tare da ya nufi wani wuri takamaimai ba, ko makiyayi mai neman ciyawa da zai tsaya duk inda ya same ta, ba ya kasaru, sai idan ya san tabbas zai ci wannan nisa kafin ya tsaya. Saboda haka tsarin nan naka na kwana inda dare ya yi ba ya ba ka rangwame. Wanda ya ƙulla niyya daga Daura zuwa Haɗeja shi yake da shi. Ingantaccen hadisi ya tsoratar a kan tafiyar dare ga mutum shi kaɗai, wani kuma ya yi umarni da a kauce wa kan hanya idan za a yada zango da dare, domin nan ne mabiyar dabbobi da miyagun ƙwari. Idan da hali, ka nemi abokin tafiya.

Ɗan Kasuwar Mai'aduwa:

Ni ban ga ribar wannan tafiya ba, Malam, kuma ina faɗa ne da girmamawa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta taɓa haura naira 1,000, Sienna kuwa tana shan kimanin lita 12 a kowane kilomita 100. Idan ka haɗa mai da batura da faranti da na'urar intanet da gyaran mota, kuɗin ya ishe ka kama ɗaki a Jos ko Bauchi ka zauna wata guda, ka riƙa fita yawon buɗe ido ranar Asabar da Lahadi. Mai aiki daga tara zuwa biyar yaushe zai yi tuƙi, tun da Baba ya hana tafiyar dare?

Ɗan Ƙofar Sauri, Katsina:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Baba, na karɓi maganarka dukkanta, kuma na ajiye batun kwana a daji. Yaya Malama, zan fara da mahaifiyata kafin in sayi ko da igiyar tanti. Ɗan'uwana na Mai'aduwa, tambayarka ta tuƙi gaskiya ce, sai dai ban yarda in koma zaman ɗakin haya ba, domin da shi nake so da na zauna a nawa. Abin da na tsayar shi ne in riƙa tuƙi ranar Asabar kawai, in yi mako guda a kowane gari a hannun mai masauki, wanda hakan zai rage shan mai, ya kuma warware batun sallar tun da zan riƙa cikawa. Wani abokina mai ɗaukar hoto ya nuna sha'awar mu tafi tare. Tambayar da ta rage mini ita ce, a wace rana ya fi dacewa baƙo ya shiga gari, ranar kasuwa ko wadda ba ta kasuwa ba?

Baba Tsohon Direba, Daura:

Ranar kasuwa ta fi, ɗana, domin gari cike yake da baƙi, babu mai kallon motarka sau biyu, kuma za ka sami direban garinku da zai gabatar da kai ga mutanen wurin. Amma ka isa da hantsi, kada ka bari sai kasuwa ta tashi, lokacin da masu kuɗin dabbobi suke kan hanya kuma ɓarayi suke jiransu. Mai'aduwa Lahadi take ci, Maigatari kuwa Alhamis.

Injiniya Mai Sola, Daura:

Ka dai lura cewa ranar kasuwa dubban wayoyi suke hawa kan turken sabis ɗaya, don haka data takan yi nauyi tun daga hantsi har bayan la'asar. Idan makonka ya faɗa a Maigatari, ka roƙi mutanen Legas su matsar da taron bidiyo daga Alhamis zuwa Laraba, ko ka sauke manyan fayilolinka tun da asuba kafin motocin shanu su fara shigowa.